Yarona sai tuntuɓe da ɓarin abu, ina zan kai shi?

Maman Abba (Tudun Wada): Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 7, har yanzu bai iya ɓalla maɓallin riga ba, kofin koko kafin ya kai baki rabi ya zube, tafiya kaɗan sai tuntuɓe. Malaminsu na dukansa kan rubutu, wai sakarci ne. Alhali a hadda ya wuce yayyensa.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Fara da ido. Jikata haka ta riƙa karo da ƙofa, ashe tabarau take buƙata. Mun je asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna.

Anti Nas (Samaru): Hajiya ta yi gaskiya, a duba ido da kunne. Amma yadda kika kwatanta, akwai abin da likitoci ke kira disfiraksiya: ƙwaƙwalwa lafiya lau wajen fahimta, tsara motsin gaɓoɓi ne ke ba ta wahala. Ana kiyasin yara 5 zuwa 6 cikin 100 na 'yan makaranta suna da ita, kuma ta fi kama maza. Ba a cika yanke hukunci kafin shekara 5 ba, naki kuwa ya kai. Ki kai shi ɓangaren yara a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, su ne za su tura ku wurin masu fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi. Abu ɗaya dai: in abin da ya iya a da yanzu ya gagare shi, ko sai ya dafa gwiwoyinsa kafin ya miƙe daga ƙasa, ko ɓarin jikinsa guda ya fi rauni, kada ki jira hutun makaranta. Wannan wata magana ce daban.

Baban Ummi: Mu takalmi mai mannewa muka saya, aka huta da rigimar igiya da safe.

Maman Sadiq (Sabon Gari): Carafke, Maman Abba! Ko namiji ne a bar shi ya yi da 'yan uwansa mata. Sai tsintar wake a faifai, da fensir mai kauri. Kullum kaɗan-kaɗan, ba da tsawa ba.

Malam (Gyallesu): Dukan nan a dakatar da shi tun gobe. Maigida ya je da kansa ya ga hedimasta, a roƙi a ƙara wa yaron lokacin kwafe allo.

Maman Abba: Na gode, Allah ya bar zumunci. Anti, ko za ki yi wa babansa bayani ta waya? Shi ma cewa yake garaje ne kawai.

Anti Nas: Ki kira ni bayan Isha'i.