Musayar Waƙa: Daren Rose Bowl, Teksas da USC

Malam Mai Fage:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na buɗe fage kan wasan Rose Bowl na 4 ga Janairun 2006 a Pasadena, Kalifoniya, inda Jami'ar Teksas ta doke Jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC) da maki 41 da 38 ta ɗauki kofin ƙasa. Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. "Kai gida" kuwa shi ne kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa a ci maki. Kowane baiti ya sauka da "wa".

Da sunan Allah na fara,
Shi ne ke ba ni basira,
In ja zaren nan in tsara,
Daren da ya zo ya gagara,
Har yau masoya suna tunawa.

USC sun zo da ƙarfinsu,
Nasara 34 a bayansu,
A jere, ba mai kayar da su,
Leinart da Bush a gabansu,
Kowa da Heisman, kyautar gwarzon shekara, yana riƙewa.

Teksas ta zo ba ta faɗi ba,
Wasa 12 ba ta sha kashi ba,
Tun 1970 ba ta ɗau kofi ba,
Vince Young bai manta da zaɓe ba,
An ba wa Bush, aka bar shi da kewa.

To ga tambaya, 'yan'uwana,
Ta jima tana cikin raina,
Young ne ya ƙwace, ƙannena,
Ko USC ce, ku faɗa mana,
Ta yi sake kofi yana kuɓucewa?

Ƙaninku Na USC:
Malam, ga amsar ƙaninka,
Ina jin nauyin maganarka,
Amma ka duba allonka,
38 da 26 a gabanka,
Ƙasa da minti bakwai ke ragewa.

Young ya ruga ya rage rata,
38 da 33 aka rubuta,
Ƙwallo tamu ce, mun riƙe ta,
Yadi biyu kawai muke buƙata,
Da mun ci su, wasa ya zo ƙarewa.

Dama ta huɗu, koci Carroll ya zaɓa,
White ya ɗauka, bai kai layi ba,
Bush na gefe, bai shiga ba,
Wannan har yau ban gane ba,
Gwarzon shekara a tsaye yana dubawa.

Ko ba a ba shi ƙwallon ba,
Tsayuwarsa a fili ba banza ba,
Teksas ba za ta cika tsakiya ba,
Da ba a toshe wa White hanya ba,
Wannan ciwon ne ba ya warkewa.

Yaya Ta Teksas:
Ƙanena, share hawayenka,
Sannan ka gyara lissafinka,
White ɗin nan da ke bakinka,
Sau uku ya kai gida dominka,
Yadi 124 ya ci yana turewa.

Carroll bai yi ganganci ba,
Bai so ya mai da wa Young ƙwallo ba,
Ya san in ya karɓa bai tsaya ba,
Masu tsaronku ba su iya shi ba,
Tun farkon dare yake ta zillewa.

Aka jawo sarƙa aka auna,
Zuciyata na ta ƙuna,
Alƙali ya duƙa ya nuna,
Saura ƙiris, ba ta kai ba, ƙanena,
Ƙwallo ta dawo, muka ɗau shewa.

Dama ta huɗu mu ma ta same mu,
Yadi biyar ne ke kanmu,
Takwas zuwa gida, burinmu,
Young ya duba, an tare namu,
Ya yanki dama ya sheƙa ba tsayawa.

Agogo ya nuna saura daƙiƙa 19,
Ya sake kutsawa ya ƙara,
Maki biyu a kai ya ɗora,
41, ba sauran dabara,
Yadi 200 da ƙafa, 267 da jefawa.

Ƙaninku Na USC:
Yaya, na yarda Young gwani ne,
Amma faɗin gaskiya dole ne,
Kafin hutu, kowa shaida ne,
Gwiwarsa a ƙasa take ne,
Sannan ya miƙa wa Selvin naku, ba a tsayarwa.

Maki shida kuka ci a nan,
Da uku kuka ɗau kofin nan,
Ki lissafa min wannan,
Da an koma kan hoton nan,
Da yau wata waƙar kike rerawa.

Yaya Ta Teksas:
In gwiwa ce ke damunka,
Tuna da Bush, gwarzonka,
Ya yi nisa yana burge ka,
Ya wurga baya ga wani naka,
Ƙwallo ta faɗi, mu ne masu tsintowa.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, ku ɗan saurara, akwai ɓangaren da ba ku taɓa ba.

Mutum dubu 93 sun taru,
Da ɗoriya, kuɗi sun ƙaru,
Jami'o'i duk sun gyaru,
Yaran da a fili suka karu,
Albashi ko sisi ba sa karɓowa.

A 2010 aka ce Bush ya yi laifi,
Shi da gidansu sun karɓi tallafi,
Hukunci ya sauka da ƙarfi,
Ya mai da Heisman, abin ya yi zafi,
Nasarorin USC aka bi ana sharewa.

2021 doka ta sauya,
Ɗalibi na talla ana biya,
2024 aka waiwaya,
Aka mai da kyautar gaba ɗaya,
Shekara 14 yaron nan yana jurewa.

Malam Mai Fage:
Baba, Allah ya ja da ranka,
Na ji zafin maganarka,
Ƙanena, ga hukuncin yayanka,
Carroll ya yi daidai, ka yi haƙurinka,
Tsoron Young ne ya sa shi gwadawa.

Jifa 40, 30 sun shiga hannu,
Sau uku ya kai gida, ba a sannu,
Wanda ya sa koci ya rasa sukunu,
Tun kafin ƙwallo ta zo hannu,
Shi ya ci wasan, ba na musawa.

Ƙaninku Na USC:
Malam, na karɓa, ba ja-in-ja,
Amma Leinart ma ya cancanci daraja,
Yadi 365 ya ja,
Ba mai ambatonsa ko da a hujja,
Don wanda ya faɗi ba a yabawa.

Damar tsai da agogo ta ƙarshe da ta rage mana,
Kan maki biyu aka ƙona mana,
Agogo na gudu a idona,
Jifar ƙarshe ga Jarrett ɗina,
Ta wuce kansa, lokaci na cikawa.