Kafin Ka Sayi Waƙa a Intanet

Shawarar da ta fi rinjaye a tattaunawar da muka yi kan sayen waƙa a intanet ita ce, kafin ka duba farashi, ka tabbatar waƙar za ta kunnu a kowace na'ura. A 2003 Apple ya buɗe kantin iTunes, waƙa ɗaya senti 99 na dalar Amurka, amma a kulle, ba ta kunnuwa sai a manhajar iTunes ko iPod, na'urar sauraron waƙa ta Apple. Da Amazon ya shigo a 2007 da MP3 marasa kulle, zuwa 2009 Apple ma ya cire nasa. Ni ma wannan shawarar na fi riƙewa.

Wasu suka ce abin da ka saya, ka ajiye kwafinsa a kwamfuta, don kanti kan rufe, kamar Google Play Music a 2020. Masu son mawaƙi ya amfana kuwa Bandcamp, wani kantin waƙa na intanet, suka ambata, don kasonsa ya fi tsoka a can.