Wasan cike gurbi mai lauje cikin naɗi: da wace jarida za a fara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina neman shawara game da wasan cike gurbin kalmomi na jaridun Ingila, irin wanda ake ɓoye amsar a cikin tambayar kanta. Na saba da wanda ake ba mutum ma'ana ya kawo kalma, amma wannan ko an nuna mini amsar ba na gane ta inda aka bi aka same ta. An ce akwai ƙarami da ake yi domin masu koyo. Wanne ya kamata in fara da shi, kuma a ina ake samun bayanin amsoshin?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, Hajiya. Guda biyu aka fi sani. Jaridar The Times ta fito da nata a 2014, mai gidaje 13 a tsaye da 13 a kwance maimakon 15 na babban, amma sai an biya kuɗin rajista. The Guardian ta fara nata a 2024, yana fitowa ranar Asabar, gidaje 11 ne a tsaye da 11 a kwance, kyauta ne a intanet, kuma tun daga sama ake sanar da dabaru huɗu da aka yi amfani da su a wannan makon. Da shi zan ce ki fara. Abin da za ki riƙe shi ne kowace tambaya kashi biyu ce: ma'anar amsar tana zaune a farko ko a ƙarshe, sauran kalmomin kuma umarni ne na yadda za a haɗa haruffanta. Ga misali: "Among fresh fruit (5)", lambar da ke ƙarshe yawan haruffan amsar take nunawa. Ma'anar ita ce "fruit", kalmar "fresh" tana cewa a sake wa haruffa zama, haruffan kuwa su ne biyar ɗin da ke cikin "among". Idan kika juya su, MANGO za ki samu. Hoton da jimlar ta zana miki na tsayuwa a tsakiyar kayan marmari shi ne naɗin, kada ki bi shi.

Ɗan Zariya: A kula dai, Guardian ta Landan ake nufi, domin akwai mai zuwa wurin mai jarida ya sayo ta Legas ya dawo yana ƙorafi.

Tsohon Akawu: Ƴata, kafin ki biya ko sisi ki saurare ni. Bayan na ajiye aiki na sauke wata manhaja a waya wadda ta yi alkawarin koyar da wannan wasa cikin sauƙi. Da dala ake biya, kuma duk wata sai in ga saƙon banki an cire kuɗi ba tare da an sake tambayata ba. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maɓalli ɗaya ne kawai a cikinta, mai tona amsa, babu ko layi ɗaya na bayani, sai mutum ya zauna yana kallon kalmar da aka ce ita ce daidai bai san laifinsa ba. Daga baya wani abokina da ya daɗe a harkar ya duba mini, ya ce tambayoyin ne ba su da adalci, domin sukan ce ka fara nemo wata kalma mai ma'anar "dabba" da kanka, sannan ka hargitsa haruffanta, alhali dabbobi ba su ƙirguwa. Ƙa'idar da masu shirya wasan na gaskiya suke bi, tun zamanin Derrick Macnutt da ya yi wa jaridar Observer aiki da sunan Ximenes ya kuma rubuta littafi a kai a 1966, ita ce haruffan da za a hargitsa su kasance a rubuce a gabanka cikin tambayar. Yanzu shagon buga takardu nake zuwa a fitar mini da wasan a farar takarda, in zauna bayan la'asar da fensir da abin gogewa, in rubuta haruffan a da'ira a gefen takardar har idona ya kamo kalmar. Idan ta ƙi, sai in bar ta in cike masu gittawa da ita, tunda kusan rabin haruffan kowace amsa daga maƙwabtanta suke fitowa.

Uwargida Asabe: Allah ya huci zuciyar Baba. Bayanin amsoshin Guardian ana samunsa kyauta a shafin intanet mai suna Fifteensquared, inda ake ja wa ma'anar layi a ƙasa, a sa tauraro a kan kalmar da aka hargitsa.

Injiniya: Ni ƙorafina a kan gajerce-gajercen nan ne da ba a koyar da su a kowace makaranta. An rubuta "sailor" ana nufin AB ko TAR, an rubuta "worker" ana nufin ANT, "the French" kuma LE ne ko LA. Har "flower" yakan zama kogi, wai domin kogi yana gudana, wato "flow" da Turanci. Wasu kuma daga wasan kurket aka ɗebo su, "duck" ya zama O saboda haka ake kiran sifilin ɗan wasan da ya fita bai ci ko ɗaya ba. Wanda bai tashi a Ingila ba ta yaya zai san wannan?

Malamin Turanci: Injiniya, ba su da yawan da kake tsammani, kuma su ne dai suke ta dawowa. Ka buɗe musu shafi a bayan littafinka, duk wanda ka ci karo da shi ka rubuta, ƙamus na Chambers kuma yana ɗauke da mafi yawansu. Inda na yarda da kai shi ne tambayoyin da suka dogara da lafazi, masu alamar "we hear" ko "reportedly". A bakin mutumin kudancin Ingila "court" da "caught" sauti ɗaya ne, haka "source" da "sauce", domin ba ya furta harafin r a irin wannan wuri. Mutanen Sikotlan ma suna wannan kuka, saboda haka ba mu kaɗai aka bari a baya ba.

Ɗan Zariya: To, ga tawa in gwada ku: "Some drink an orange juice in African city (4)".

Uwargida Asabe: KANO ce. Kalmar "some" tana cewa a ɗauki wani yanki, ga ta nan a jere daga k na ƙarshen "drink", sai "an", sai o na farkon "orange".

Tsohon Akawu: Amsar ta yi, amma yaro, "juice" zaman banza take yi a ciki, ba ta cikin ma'ana, ba ta riƙe da harafi ko ɗaya. Ka mayar da su "orangeade" sai tambayar ta tsaya da ƙafarta.

Ɗan Zariya: Baba, da girmanka, na sha ganin irin wannan a jaridun da kansu, kuma ba wanda ta ɓatar.

Tsohon Akawu: Ana gani, amma ba da shi ake koyi ba.

Injiniya: Ni abin da yake ba ni mamaki shi ne mun bar namu muna wahala da na wasu. Mu da muke da zaurance da kacici-kacici, me zai hana a shirya irin wannan da Hausa? Ku ɗanɗana wannan: "Ɗaki ya rushe wajen buga ganga (4)".

Malamin Turanci: KIƊA, kuma ta yi kyau ƙwarai, domin "ya rushe" ya yi aikin alama ba tare da ya tona kansa ba. Sai dai kafin a zana gidaje dole a daidaita kan abu guda. A ƙa'idar rubutun Hausa sh da ts kowanne harafi ɗaya ne, to gida ɗaya za a ba su ko biyu? Idan aka ba su ɗaya, "tsuntsu" haruffa biyar ke nan, idan biyu kuwa bakwai. Haka nan ba zai yiwu ƙ ta kalmar tsaye ta zama k a kalmar kwance ba.

Injiniya: Gida biyu ya fi sauƙi, Malam, tunda haka kowa yake danna su a waya.

Malamin Turanci: Idan sauƙin waya za mu bi, da tuni mun zubar da ƙugiyoyin gaba ɗaya, kuma da tambayarka ta ba da "kida" wanda ba shi ka nufa ba.

Maman Ilham: Na gode muku duka. Na buɗe na Asabar ɗin da ta wuce, na samu guda uku na hargitsa haruffa, sauran sun gagare ni. Baba, idan za a buga a shago, yana fitowa a shafi ɗaya tare da tambayoyin ko sai an haɗa biyu?

Injiniya: Malam, ban janye ba tukuna. Idan ts gida ɗaya ne, yaya za ka yi da ky da gw da ƙy?