Kuromosom 46 ne ko 92 lokacin da sel zai rabu?

Ɗalibin SS3, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum malamai. Littafi ya ce sel (ƙwayar halitta) na jikin mutum yana da kuromosom 46, wato ƙunshin DNA mai ɗauke da bayanan gado, kuma kafin ya rabu biyu sai ya kwafi DNA ɗinsa kaf. To a wannan lokacin 46 ne ko 92? Sannan a gwajin saiwar albasa, inda ake neman kuromosom da madubin ƙara girma (maikiroskof), ba ma ganin komai sai ɗigo mai duhu a tsakiyar kowane sel. Ina matsalar take?

Malamar Bayoloji, Daura

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sentiromiya ake ƙirgawa, wato ƙugun nan inda kuromosom ya tsuke, ba hannuwan ba.

DNA ɗin sel guda, in an miƙe shi, ya kai kusan mita 2. Yana naɗe ne a jikin furotin da ake kira histon, kamar zare a kwarkwaro: histon 8 su dunƙule, DNA ya zagaye su kusan sau biyu, sannan na gaba, haka har ƙarshe. Sai sel ya zo rabuwa DNA ɗin yake ƙara murɗewa ya yi kauri har a gan shi.

Bayan kwafi, kowane kuromosom yana da kuromatid biyu, wato kwafi biyu iri ɗaya, wani zoben furotin mai suna kohesin ya riƙe su. Siffar X ɗin littafi ke nan. Saboda haka a furofes da metafes, matakan farko na rabuwar sel: kuromosom 46, kuromatid 92. A metafes suna jeruwa a tsakiya, zarurrukan sifindil masu jan kuromosom daga ɓangarorin biyu su kama kainetoko, wato furotin da ke kan sentiromiya. Sel ba ya wucewa mataki na gaba sai kowane kuromosom ya kamu ta gefe biyu. Daga nan sinadarin sefares ya yanke kohesin, kuromatid su rabu. A wannan matakin, wato anafes, kam 92 ne, domin kowanne ya tsaya da sentiromiyarsa, amma na ɗan lokaci kaɗan. Sel na tsagewa kowa ya tafi da 46. A nan masu tsara jarrabawa suka fi kafa tarko.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Katsina

Malama ta gama da lissafi. Ɗigon da kake gani nukiliyas ne, wato ma'ajiyar DNA, na sel da ba ya cikin rabuwa, kuma yawanci hakan na nufin ka yanko saiwar daga sama. Rabuwa a can bakin saiwa take.

Ɗora albasa a bakin kofi, gindinta kawai ya taɓa ruwa, kwana 3 zuwa 4, saiwa ta kai santimita 1 ko 2. Yanki milimita 2 na ƙarshe. Sa shi cikin asid HCl mai ƙarfin 1M a zafin digiri 60 na minti 5, ka ɗauraye, ka ɗiga rinin asito-osin ya jiƙa kamar minti 10. Rufe da siririn gilashi, ɗora takarda, danna da babban yatsa kai tsaye ƙasa. Kada ka murza, murzawa na birkita sel ɗin. In asid bai ratsa ba, sel za su hau kan juna ka ga baƙi ƙirin. In ya wuce lokaci, saiwar ta narke ta ƙi ɗaukar launi. Fara nema da ƙaramin idon maikiroskof, sannan ka koma ×400.

Ko aikin ya yi kyau, mafi yawan sel suna intafes, wato ba sa cikin rabuwa, sai ka zagaya. Kuma kada ka nemi 46: na albasa 16 ne.

Ungozoma, Katsina

Bari in ƙara da na ƙwan haihuwa, don can ne kuskure ya fi nauyi. Ƙwan mace da maniyyi ta mayosis ake yin su: kwafi ɗaya, rabuwa biyu, kowanne ya fito da 23. In kuromosom biyu da ya kamata su rabu suka ƙi rabuwa, ƙwai ya tafi da 24, jariri ya zo da 47. Idan ƙarin kuromosom mai lamba 21 ne, shi ne lalurar Down, wadda aka gano sanadinta a 1959.

Me ya sa ta fi yawa in shekarun uwa sun ja? Ƙwayayen mace tun tana cikin mahaifiyarta suka fara mayosis suka tsaya, kuma kohesin ɗin wancan lokacin ne ke riƙe da kuromosom ɗinsu shekara da shekaru, yana saki sannu a hankali. Kiyasin da aka saba bayarwa shi ne kusan haihuwa 1 cikin 350 in uwa na da shekara 35, kusan 1 cikin 100 a shekara 40.

Kuma don Allah a gaya wa dangin miji: a kuromosom ɗin jinsi, ƙwan mace X kaɗai yake ɗauka. Maniyyi ne ke zuwa da X (mace) ko Y (namiji), don haka gorin haihuwar 'ya'ya mata da ake yi wa matar gida ba shi da tushe.