Yarinya ta kira Allah "Uwa" a taron addu'a: yadda aka kwashe a zauren zumuntarmu na Sakkwato

Baba Dattijo (Mabera): Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na kasa haɗiye wannan abu, shi ya sa na kawo shi nan. Jiya Laraba a taron addu'a wuta ta ɗauke, muna zaune sai hasken waya, aka ce wata yarinya cikin matasa ta rufe mana da addu'a. Sai kunnena ya ji ta ce, "Ya Allah Ubanmu, kai ne kuma Uwarmu, ka rungume mu." Rabin jama'a suka ce amin, rabi suka yi tsit. Fasto ko uffan bai ce ba, ya sa albarka aka watse. Yesu da bakinsa ya koya mana "Ubanmu wanda ke cikin Sama" a Matiyu 6:9. Yau 'ya'yanmu sun kwaso bidi'ar Turawa daga waya sun shigo da ita ɗakin sujada. In ba a tsawata ba, gobe mi za mu ji?

Malama Rifkatu: Baba, a yi mini aikin gafara, amma "bidi'a" ta yi nauyi. Bidi'a ai abin da ba shi da tushe ne. A Ishaya 66:13 Ubangiji ya ce zai ta'azantar da mutanensa kamar yadda uwa take ta'azantar da ɗanta. A Ishaya 49:15 ya tambaya ko mace za ta manta da jaririn da take shayarwa. Yesu kansa a Matiyu 23:37 ya kwatanta kansa da kaza mai tattara 'yan tsakinta ƙarƙashin fikafikanta. Yarinyar nan ba daga iska ta ɗauko ba.

Yaya Bulus: Ni ma kalmar ce ta tsaya mini a wuya. Tun yaushe ikilisiya ta fara cewa bidi'a? Wannan kalmar malaman Musulunci ce, suna da ƙa'idojinsu a kanta. Mu "koyarwar ƙarya" muka sani.

Baba Dattijo (Mabera): Bulus, a garin nan aka yanke mini cibi. Kai ne za ka koya mini Hausa?

Yaya Bulus: Ba raini ba ne, Baba. Larabci ce kalmar.

Ɗan Zuru: To addu'a fa? Sujada fa? Sunan Allah ɗin ma fa? Tun Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 "Allah" muke karantawa. In za a tsince Larabci daga bakinmu, sai mu koma yin sujada da nuni. Baba ya faɗi daidai, bidi'a ce, bidi'a ce.

Yaya Bulus: Kai dai duk abin da dattawa suka faɗa sai ka buga masa tambari. Mun san kujerar da kake hange.

Ɗan Zuru: Ka janye wannan magana.

Malam Katikis: Jama'a ku sassauta. Bari in faɗi yadda muke koyarwa a Katolika, tunda muna cikin zauren nan. Katikizim ɗinmu, wato littafin koyarwar bangaskiyarmu, da ya fito a 1992, sakin layi na 239, ya ce Allah ya fi ƙarfin rabe-raben namiji da mace, shi ba namiji ba ne, ba mace ba ne, Allah ne. Wurin ya kuma ce ana iya bayyana tausayinsa da siffar uwa. Fafaroma Yohanna Bulus na Farko, wanda ya yi kwana 33 kacal a kan kujera, a watan Satumba na 1978 ya gaya wa jama'a cewa Allah Uba ne gare mu, har ma Uwa ne. Amma akwai iyaka. A 2008 fadar Batikan ta yanke cewa duk baftismar da aka yi da wasu sunaye maimakon Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba ta yiwu ba, sai an sake. Kwatanci daban, sunan da Yesu ya ba mu daban. Ishaya "kamar uwa" ya ce. Yarinyar kuwa "Uwarmu" ta ce. Nan ne ya kamata a zaunar da ita a nuna mata cikin natsuwa.

Ɗan Zuru: Malam, ku ai kun daɗe da uwa a sama. Ba Maryamu kuke kira sarauniya ba? Ku karanta Irmiya sura 44 ku ga abin da ya sami masu ƙona turare ga sarauniyar sama.

Malam Katikis: Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Irmiya gunki yake magana a kai. Mu girmama uwar Yesu muke yi, ba ma yi mata sujada. Sau nawa za a maimaita wannan?

Maman Tagwaye: Ɗan Zuru ka cika neman fitina. Mu nawa ne a garin nan da za mu riƙa cin naman juna? Ranar da aka shiga tashin hankali ba a tambayi wanene ɗan Katolika wanene ɗan ECWA ba.

Ɗan'uwa Habila (Angilikan): Ku bar Maryamu, ku koma kan "Turawa", don nan Baba ya taɓo gaskiya. A watan Fabrairu na 2023 Cocin Ingila ta sanar cewa za ta yi nazari a kan kalmomin jinsi da ake kiran Allah da su. A watan Yuli na shekarar, babban bishop na York, Stephen Cottrell, ya ce kalmar "Uba" tana da wuya ga waɗanda ubanninsu suka cutar. Cocin Suwidin kuwa tun 2017 ta amince da sabon littafin sujada da ya rage irin waɗannan kalmomi. Mu a Angilikan ta Najeriya mun san inda wannan hanya take kaiwa, shi ya sa shugabanninmu suka tsaya da GAFCON, ƙungiyar 'yan Angilikan masu riƙe da koyarwar gargajiya, tun taron Urushalima na 2008.

Malama Rifkatu: Habila, in komai na Turawa abin ƙi ne, su Bingham da Gowans da Kent, masu wa'azin bishara da suka iso a 1893 da sunan ƙungiyar mishan ta SIM, daga Wamakko suka fito? ECWA daga cikin aikinsu ta fito a 1954. Kuma wannan magana ta girmi waya nesa ba kusa ba. Anselm, babban bishop na Kantabari wanda ya rasu a 1109, a cikin addu'arsa ya kira Yesu uwa. Juliyan ta Norwich, wadda ta ga wahayi a 1373, ita ma haka ta rubuta. Ba mu ji an kore su daga ikilisiya ba.

Ɗan'uwa Habila (Angilikan): Duk dai Turawan ne kika lissafo, Malama.

Malama Rifkatu: Ishaya ma Bature ne?

Inna Saratu: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san yarinyar. Ubanta ya tafi tana goye, bai waiwayo ba har yau. Uwarta ce ta rene ta da tallar kunu da waina a bakin tasha, da asuba tana hura wuta, da azahar tana cikin ranar nan ta Sakkwato da bokiti a ka. Bara uwar ta rasu. Da ta ce "ka rungume mu" na ji muryarta tana rawa. Ni na ce amin, kuma ban yi nadama ba.

Baba Dattijo (Mabera): Saratu, Allah ya jiƙan uwarta. Amma tausayi ba ya canja Nassi. Wanda bai sami uban kirki a duniya ba shi ya fi bukatar ya san akwai Uba na gaskiya. Bulus manzo ya ce Ruhu ne yake sa mu kira "Abba", Romawa 8:15.

Yaya Bulus: Inna, bai kamata ki tona sirrin gidan mutane a zaure mai mutum da yawa haka ba.

Inna Saratu: Wa ya fara kawo ta nan? Ni ce?

Maman Tagwaye: Tunda an zo nan, bari in faɗi. Zumuntar Mata ce ke sharar majami'a, mu ke dafa abincin taro, mu ke zuwa gaisuwar mutuwa da asibiti. Yarinya ta ambaci uwa sau ɗaya tak, gari ya ɗauka. Kuma da an gyara janareta da kuɗin da muka tara tun lokacin Ista, da ba a yi addu'a cikin duhu ba.

Ma'ajin Ikilisiya: Mama, kuɗin nan yana nan, an rubuta shi a littafi. Mai gyara ne ya ce sai an kawo kayan daga Kano. Kada a ɓata mini suna.

Maman Tagwaye: Wata nawa ake tafiya Kano?

Ɗan Zuru: Har yanzu Bulus bai janye maganar kujera ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Mafi yawanmu mun yarda cewa Baba ya yi aikin dattijo da ya faɗakar, kuma abin da aka yi jiya baƙon abu ne da ya shigo daga ƙasashen waje, kamar yadda Habila ya kawo hujjoji masu ƙarfi da shekarunsu. Malam Katikis ma ya tabbatar cewa ba a taɓa sunan Uba. Ayoyin da Malama Rifkatu ta kawo kwatanci ne kawai, ba su shafi addu'a ba. Saboda haka ina ba da shawara dattawa su kira yarinyar, kuma daga yau a riƙa sanin wanda za a ba addu'ar rufewa. Maganar janareta a kai ta taron kwamiti ranar Asabar.

Malama Rifkatu: Shugaba, wane "mafi yawa"? Ka ƙirga mu. Kuma rabin maganar Malam Katikis ka ɗauka, ka bar sakin layi na 239 da maganar Fafaroma.

Malam Katikis: Gaskiya ne, ba haka kaɗai na ce ba.

Shugaban Zaure: Na rufe zaure sai ƙarfe shida na safe. Mai ƙorafi ya same ni bayan sujada ranar Lahadi.