Kansar furostet ta kama mahaifinmu, ina za mu samu sahihin bayani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Tudun Wada, Kaduna nake. An tabbatar wa Babanmu, mai shekara 68, da kansar furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Gwajin jinin PSA, wato sinadarin da furostet ke fitarwa, ya hau sosai, naman da aka tsakuro kuma ya nuna makin Gleason (ma'aunin tsananin kansar) 7, an rubuta 3+4.

Likita ya kawo maganar tiyata, ko gashi da na'ura haɗe da allurar rage sinadarin maza. Da jin haka Baba ya kafe. Tsoronsa rasa ƙarfin namiji da yoyon fitsari, ga kunya ta hana shi yi wa likita tambaya a gabanmu. Dangi kuwa kullum sai turo sautin masu maganin gargajiya a WhatsApp, kowa da nasa sassaƙen. Ni dai hankalina bai kwanta da su ba.

Don Allah 3+4 da 4+3 bambancinsu babba ne? Wanda ya kai nasa asibitin koyarwa na Shika, yaya layin gashin yake, kuma inshorar lafiya ta gwamnati, wato NHIA, tana ɗaukar wani abu? Akwai likitan mafitsara da zai zauna da Baba shi kaɗai, ya warware masa komai da Hausa?