Laifin malami ne ko na tsarin biza? Muhawara kan baƙin malaman Turanci a makarantun kuɗi

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Jiya na faɗi maganar da ta tayar da ƙura, to bari in sake faɗinta a fili. Yawancin malaman da ke tafiya koyar da Turanci a makarantun kuɗi na ƙasashen waje su dawo suna kuka, su suka jawo wa kansu. Da an ce musu gida kyauta da kuɗin jirgi sai su sa hannu, ko karanta kwantiragin ba sa yi. Wanda ya karanta abin da zai sa wa hannu ba a cutarsa. Ina nan kan bakana.

Rukayya: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka yi haƙuri, amma ban yarda ba, kuma ba ji na yi a bakin wani ba. Na koyar a wata makaranta a Tailan, kwantiragina na karanta shi sau uku kafin in sa hannu. An rubuta awa 20 na koyarwa a mako. Abin da ba a rubuta ba shi ne shirya darasi, duba aikin yara, ganawa da iyaye, da ranakun Asabar da ake tsayar da mu a bakin ƙofa don jawo sababbin ɗalibai. Da na yi magana, mai makarantar bai ko ɗaga murya ba, ce mini ya yi ƙofa a buɗe take. Ya san takardar izinin aikina da sunan makarantarsa aka yi ta, in na ajiye aikin, izinin zamana ma ya tafi. Gidan da nake kwana shi ya kama. Wane sashe na kwantiragi zan karanta ya fitar da ni daga wannan?

Hajiya Binta: Rukayya, Allah Ya ba ki lada, amma Malam ma yana da tasa gaskiyar. Akwai masu shiga ƙasa da bizar yawon buɗe ido su fara koyarwa, suna jiran a gyara musu takardu daga baya. Irin wannan ko an hana shi albashi ba ya iya kai ƙara, don shi za a fara kamawa. Kuma su ma malaman akwai masu tattara kaya cikin dare su bar aji a tsakiyar zango.

Dakta Kabiru: Hajiya, wannan haka ne, sai dai mu tambayi kanmu me ke sa mutum gudu cikin dare maimakon ya rubuta takardar ajiye aiki. Ku dubi Koriya ta Kudu. Malamin da ke koyarwa a makarantun da suke kira hagwon da bizar E-2 yake shiga, kuma bizar tana ɗaure da makarantar da ta ɗauke shi. In yana so ya koma wata kafin wa'adi ya cika, a al'ada sai mai makarantar ya ba shi takardar saki. Wato wanda kake ƙorafi a kansa shi ne mai mabuɗin. Sannan dokar ƙwadagonsu ta ce wanda ya cika shekara ɗaya ana biyansa kuɗin sallama na kwana 30. Doka ce mai kyau, amma ita ce ta sa malamai ke yawan kokawa kan kora a wata na 11, sai a nemo wani laifi ana saura makonni kaɗan. Yanzu ku kwatanta da Japan. A can izinin zama na mutum ne, ba na makaranta ba. Kana iya barin aiki, ka sanar da ofishin shige da fice cikin kwana 14, ka nemi wani. Malamai iri ɗaya ne, masu karanta kwantiragi da marasa karantawa, amma ƙarfinsu a gaban mai makaranta ya sha bamban.

Malam Nasiru: Dakta, to ai ka taimake ni. Mai hankali sai ya zaɓi Japan.

Aminu: Malam, can ɗin ma ba ta tsira ba. A watan Oktoba na 2007 kamfanin Nova, wanda ya fi kowane girma a harkar makarantun hira da Turanci a Japan, ya durƙushe. Dubban baƙin malamai suka wayi gari ba albashi, wasu har gidajen da kamfanin ya kama musu aka fitar da su. Waɗannan duk ba su iya karatu ba ne? An kuma yi dabarar nan a da, wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka daɗe suna yaƙi da ita, a rubuta wa malami awa 29 da rabi a mako don a kauce wa sa shi cikin inshorar lafiya da fansho na ma'aikata. Ga ƙasar Sin, a watan Yuli na 2021 gwamnati ta hana kamfanoni cin riba da darussan bayan makaranta a manyan fannoni, har da Turanci. Ayyuka suka salwanta ba tare da laifin kowane malami ba.

Rukayya: Kuma Malam, da ka ce a zaɓa, waye ke da zaɓin? Bizar koyar da Turanci ta Koriya, 'yan ƙasashe bakwai aka fi ware wa: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Mutum ya yi digiri a Turanci, ya yi CELTA, kwas ɗin horar da malaman Turanci na Kambirij, ya shekara goma a aji, fasfonsa kawai zai rufe masa ƙofa. Tun 2006 TESOL, ƙungiyar malaman Turanci ta duniya, ta fitar da matsaya kan nuna wa malaman da Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su bambanci, amma har yau tallan aiki na cewa wanda Turanci ne harshensa na uwa kaɗai ake so. Wanda aka rufe wa manyan ƙofofi shi ke faɗawa hannun makarantar da ke biya ƙasa da kowa, ta kuma ce a fara aiki kafin takardu su fito. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Hajiya Binta: Wannan kam na sallama miki. Amma a Saudiyya an sassauta tun watan Maris na 2021, ma'aikaci na iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai kafili ya yarda ba. Riƙe fasfon ma'aikaci ma laifi ne a can. Wanda ya san haka ba zai miƙa nasa ba.

Dakta Kabiru: Sanin yana da amfani, Hajiya. Sai dai baƙon da bai jin harshen ƙasa, albashinsa na wata biyu na hannun mutum, zuwa ofishin ƙwadago ba ƙaramin aiki ba ne a gare shi.

Malam Nasiru: Na janye kalmar "yawancin", na yi gaggawa a nan. Amma ban janye cewa a bincika ba. Ƙanena an turo masa tayin aiki daga Biyetnam, shi ya sa ma na tayar da zancen. Rukayya, me zai fara tambaya?

Rukayya: Ya ce su haɗa shi da malamin da ya bar makarantar, ba wanda ke ciki ba. Ya tambayi wa zai biya kuɗin takardar izinin aiki, kuma kada ya shiga aji sai ta fito. Ka turo mini kwantiragin da daddare, Malam, in duba sashen ajiye aiki da na cire kuɗi daga albashi.